Kaset ɗin da Ya Tafi Nok

Ranar da Kaleb ya fara tafiya babu kowa a gidan sai uwarsa Afiniki, kuma daga nan ne duk abin ya taso. Da akwai wanda za ta gaya wa a lokacin, da bakinta ya huce, da ba a kai ga haka ba. To mijinta Meshak yana loko, inda suke gyaran kan jirgi a reluwe ta Kafanchan. Ƙanwarsa Caroline, wadda ke zaune da su tana sakandare, ba a tashe su ba. Maƙwabta duk sun tafi kasuwa. Yaro ya saki ƙafar kujera, ya taho yana tangaɗi kamar wanda ya wuni a gidan burkutu, ya faɗo jikinta yana ƙyalƙyala dariya. Afiniki ta ɗaga shi sama, ta zagaya tsakar gida da shi, ta leƙa waje ko za ta ga mutum. Akuya kawai ta gani.

Ana cikin haka sai ga hon ɗin motar Sambo a bakin layi. Sambo direba ne mai ɗauko citta daga Kwoi, in zai koma yakan tsaya ya tambaya ko akwai saƙon Nok, don ya san uwar Afiniki tana can. Mama ba ta karatu, ciwon ƙafa kuma ya hana ta hawa mota, rabonta da jikan nan tun yana jariri. Amma tana da rediyo mai cin kaset. Haka ake yi da tsofaffi, sai ka ɗauki muryarka a kaset ka aika, su ji ka da kunnensu.

"Maman Kaleb, akwai saƙo?"

"Akwai, Sambo, babba ma. Ka jira ni."

"Bari in je in ci tuwo in sa iska a taya. In na dawo ba ki shirya ba, na wuce."

Ta shiga ɗaki da gudu ta jawo kwalin kaset. Babu sabo ko ɗaya. Ga na waƙoƙin zumuntar mata, ga na wa'azi, ga na ranar aurensu. Sai kuma wancan na Meshak.

Wancan kam, ko hoton bayansa ba ta son gani. Wani sa ne na ƙarfe, wuta tana fita ta hancinsa, yana tattake gidaje. In ka buɗe takardar sai ka ga wasu Turawan Ingila, sun daɗe suna abin har sun fara furfura, amma gashinsu har gadon baya kamar na mata, sun sa baƙar fata a jiki. Meshak ya ce sunan kiɗan hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Afiniki ta ce ai sunan ya dace, don in aka kunna sai ka ce tukwane ne aka gangaro daga kan dutse, wani mutum yana bin su yana ihu.

Abokinsa ne ya ba shi, Badruddeen mai shagon kaset a kasuwa, wanda kakanninsa ma a Kafanchan aka haife su. Tare suka yi firamare. Su biyu ne kaɗai a unguwar ke jin wannan hayaniya, sukan zauna bakin shago da yamma suna kaɗa kai kamar ƙadangaru. Bayan rikicin addini na shekarar tamanin da bakwai, Badruddeen ya kwashe iyalinsa ya koma Bauci. Ranar da zai tafi ya ciro kaset ɗin daga aljihu ya ba Meshak, ya ce na asali ne daga Ingila, ba kwafin kasuwa ba. Tun daga nan ba su sake haɗuwa ba.

Afiniki ta san duk wannan. Kada wani ya ce ba ta sani ba. Amma na Allah ba za ta goge ba, na aure ba za ta goge ba, ga Sambo zai dawo, ga labari yana cin ta a ƙirji. Ta ce a ranta, kaɗan zan ɗauka daga farko, gaisuwa kawai da muryar yaro, Sambo ya dawo da shi kafin a nema. A cikin wannan ƙarar wa zai san an rage wani abu?

Ta sa kaset a rediyonsu, ta danna jan maɓalli na ɗaukar murya, ya ƙi shiga. To ita ta san dabarar, a zumunta ta koya. Irin wannan na asali akwai 'yan ramuka a samansa, sai an toshe su sannan ya yarda ya ɗauki murya. Ta yagi takardar sabulu, ta tauna, ta cusa da tsinke. Maɓalli ya shiga.

"Mama, ni ce Afiniki," ta fara da yaren gida.

Daga nan kuma ba ta san inda bakinta ya kai ta ba. Ta faɗi yadda ya saki kujera. Ta faɗi haƙoransa na sama da suka fito da wushirya irin ta marigayi Baba. Ta faɗi yadda yake cin gwate da hannu biyu, da yadda ya yi wa Fasto fitsari a riga, da kazar da ya kama ta wuya. Ta tsikare shi ya yi dariya, ta sa shi ya ce Kaka, ya ce wani abu daban, ta ce ai shi ke nan ya faɗa. Ta yi waƙar da Mama ke yi mata tana ƙarama. Sai da hon ɗin Sambo ya sake tashi ta duba, ta ga zaren kaset ya kusa ƙarewa a gefen farko. Duk da haka ta naɗe shi a leda ta miƙa, ta ɓoye kwalin mai hoton sa a ƙarƙashin zannuwanta.

Da yamma da mutanen gida suka dawo, Kaleb ya sake yi musu tafiyar, aka yi ta murna. Caroline ta goya shi tana rawa. Ba wanda ya tambayi kaset.

Sai ranar Asabar. Meshak ya saba, in ya dawo rabin rana yakan fito da rediyo ƙarƙashin mangwaro, ya sa kiɗansa yana wanke kekensa. Afiniki tana tankaɗe a ƙofar kicin ta ji yana zazzage kwali a ɗaki. Ta ji ya ja gado. Ya fito.

"Maman Kaleb, kin ga kaset nawa?"

"Wanne?"

Abin da ta ce ke nan. Wanne. Kamar yana da goma.

Bai ma amsa mata ba, idonsa ya riga ya tafi kan Caroline da ke wanke kayan makaranta. Caroline ta shiga ƙungiyar addu'a ta 'yan makaranta a shekarar, ta cire 'yan kunne, ta daina kitso da zare mai launi. Ba sau ɗaya ba ta faɗa a gidan cewa a wurin taronsu ana tara irin wannan kaset a sa musu wuta, kuma wata rana wannan ma zai bi su.

"Caroline. Ina kika kai?"

"Ban taɓa ba, Broda."

"Ki kalle ni."

Ta ɗago, kumfa har gwiwar hannu. Yarinyar akwai taurin kai irin na gidansu. "Na ce ban taɓa ba. Amma ko waye ya fitar da shi daga gidan nan, Allah ya sa masa albarka."

Afiniki ta ji kamar ta toshe mata baki da garin da ke hannunta.

Meshak ba mai faɗa ba ne, shi ya sa in ya yi magana a hankali kowa ke tsoro. Ya ce, "Na ɗauko ki daga Samaru Kataf don ki yi karatu, ba don ki zama fasto a kaina ba. Mutumin da ya ba ni abin nan ban san ko zan sake ganinsa ba. In kin ɓoye, ki fito da shi. In kin ƙone, ki haɗa akwatinki, Asabar mai zuwa zan sa ki a mota. Ki je ki yi wa Baba wa'azi a gona."

Kowa ya san ma'anar wannan. Caroline tana ajin ƙarshe. In ta koma Samaru Kataf yanzu, babu makarantar da za ta karɓe ta a tsakiyar shekara, babansu kuma tun farko bai ga amfanin karatun ba, fartanya zai miƙa mata.

Afiniki ta buɗe baki. Da gaske ta buɗe. Sai Kaleb ya jawo rariya gari ya zube, ta sunkuya tana kwashewa, kafin ta ɗago Meshak ya ɗauki keke ya fita bai wanke ba.

Makon nan abinci bai yi mata daɗi ba. Ta yi ta saurarar hon ɗin Sambo, ashe motarsa ta lalace a Kwoi. Kuma ko ya kawo, me za ta yi da shi? Ta ce an samu a bayan kabad? Yana kunnawa muryarta zai ji. In ta yi niyyar faɗa da safe, sai ta ce bari ya ci abinci tukuna. In ya ci, sai ta ce bari ya huta. Ita da ba ta iya riƙe labari ko na ƙwan kaza, ga shi ta riƙe wannan har yana sa ta ciwon kai.

Caroline kuwa ba ta fasa komai ba. Ita ke yi wa Kaleb wanka, ita ke riƙe masa yatsa suna zagaya tsakar gida. Wata yamma suna gyaran wake ta ce, "Anti, ki roƙe mini Broda. Yana jin maganarki. Ni na san bakina ne ya ja mini, amma Allah ya gani ban ɗauka ba."

"Zan roƙa," in ji Afiniki, idonta a kan wake.

Kuma ta roƙa. Ta ce, "Baban Kaleb, ka yi haƙuri da yarinyar nan, karatunta fa."

"Ke kina da kirki da yawa," in ji shi. "Mu nawa ne a gidan? Ni ban ɗauka ba, ke ba ki ɗauka ba. Kaleb ne?"

Da ta fito, Caroline da ta ji komai daga kicin ta kama hannunta ta ce, "Na gode, Anti, kin yi naki." Afiniki ta shiga bayi ta tsaya a can ba don tana jin komai ba.

Ranar Juma'a ta ce za ta je duba ƙafar Mama, ta goya Kaleb. Bas ta kai su Kwoi, daga nan mai babur ya ɗauke su zuwa Nok. Lokacin citta ne, ko'ina an baza ta a kan duwatsu tana bushewa, ƙamshin yana shiga hanci har ya sa yaro atishawa.

Tun kafin ta shiga gidan ta ji muryarta. Mama tana zaune a inuwa da matan maƙwabta, kowa da wuƙa suna tsaga citta, rediyo a kan turmi. Suka tashi da guɗa, aka ƙwace Kaleb, aka ajiye shi ƙasa a ga tafiyar da ido. Mama ta rungume shi tana hawaye tana dariya, amma ba ta bari an kashe rediyon ba.

"Kullum sai mun ji," in ji ta. "Har na haddace. Ji, yanzu za ki yi maganar yarinyar nan."

Afiniki ta ji kanta a cikin rediyo tana cewa, "Mama, ƙanwar Baban Kaleb ce ta koya masa, Caroline. Kullum tana riƙe da shi. Yarinyar kirki, kamar ciki ɗaya muka fito." Ta manta ma ta faɗi haka. Ta zauna a kan buhu.

Muryar ta yi sallama, aka ji ƙarar maɓalli, sai kiɗan ya faso da ƙarfinsa, ganguna da jita da mutumin nan mai ihu. Afiniki ta miƙa hannu za ta kashe, Mama ta buge hannun.

"Bar shi. Wurin aikin surukina ne."

"Mama?"

"Ai mun gane. Ke kika yi naki, shi kuma ya ɗauko mana ƙarar lokon nasu don mu ji irin aikin da yake yi. Ɗaya gefen ma duk shi ne." Ta girgiza kai. "A cikin wannan yaron nan yake wuni? Kai, neman abinci."

Wata tsohuwa ta nuna rediyon da wuƙa. "Wannan mai kukan, ƙarfe ne ya faɗo masa a ƙafa? Tun ranar nake tambaya. Kuma sauran ba su tsaya ba, suna ta bugu."

"Mun sa shi a addu'a ranar Lahadi," in ji Mama. "Shi da mai ƙafar. Na ware masa zakara ma, ki tafi masa da shi."

A wata rana da Afiniki ta yi dariya har ta kwanta. Ranar ko murmushi bai zo ba. Ta jira matan suka watse, sannan ta matsa kusa.

"Mama, kaset ɗin zan tafi da shi. Na Baban Kaleb ne, yana nema."

Mama ta ajiye wuƙa ta dube ta, irin duban da take yi mata tun tana yarinya in an ga suga ya ragu.

"Bai san kin aiko ba?"

Afiniki ta ce bai sani ba. Daga baya ta faɗi komai, da abokin da ya tafi, da Caroline, da motar gobe. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta cire kaset ɗin da kanta, ta goge shi da bakin zane, ta riƙe shi a hannu na ɗan lokaci.

"Yarinyar da kika ce kamar ciki ɗaya kuka fito," ta ce. Sannan ta miƙa. "Tashi ki kwanta, da sassafe za ki kama hanya. Ni dai da safe da wannan nake shan kunu. Ba komai."

Washegari babur ya yi latti, bas ta tsaya cika a Kwoi, rana ta yi sama kafin ta iso. Ta shigo da yaro a baya, zakara a hannu, ta tarar da akwatin ƙarfen Caroline a ƙofa an ɗaure shi da igiya. Caroline tana zaune a kansa da Littafi Mai Tsarki a cinya, idonta ya kumbura. Meshak yana tsaye yana ɗaura agogo, ya ɗauki izini daga aiki don ya kai ta tasha.

"Yaya ƙafar Mama?" ya tambaya.

Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu. Ta ajiye zakara, ta shiga ɗaki ta ɗauko rediyo da kwalin nan mai hoton sa, ta ajiye su a kan akwatin kusa da Caroline. Ta ciro kaset daga jaka, ta mayar da shi farko, ta danna.

Meshak ya ga kwalin, ya ga kaset, fuskarsa ta fara buɗewa. Ya ɗan karkata kai yana jiran gangar farko.

"Mama, ni ce Afiniki."

Ba ya jin Jabanci, yarensu Afiniki, sosai, shi mutumin Kataf ne, amma ya san muryar matarsa, ya san dariyar ɗansa. Ya tsaya yana ji. Ya matsa gaba da zaren, ya saki, ita ce. Ya sake matsawa, ita ce dai, tana waƙa. Ya kashe. Ya ciro kaset ɗin ya juya samansa, ya ga takardar sabulu a cikin ramukan.

"Ranar da ya fara tafiya ne," in ji Afiniki. "Babu sabo a gida. Na ce kaɗan zan ɗauka. Ni ce, Baban Kaleb. Caroline ba ta taɓa ba."

Ya ɗauki tsinken tsintsiya ya zaƙulo takardar, ya yar.

"Waƙa ta biyu a wannan gefen," ya ce, ba ita yake kallo ba. "Ita Badruddeen ke mayarwa. Sai mu ji, ya mayar, mu ji, ya mayar, har masu shago na kusa su yi mana tsawa."

"Ɗaya gefen yana nan. Ban taɓa shi ba."

"Na ji."

Ya sa kaset ɗin a kwalinsa, ya rufe, ya miƙa mata. "In Sambo ya zo ki ba shi ya mayar wa Mama. Abin da ke ciki yanzu nata ne." Da ya ga ba ta karɓa ba sai ya ajiye a kan taga.

Sannan ya juya wurin ƙanwarsa. Ba abu ne mai sauƙi ba babban wa ya sunkuyar da kai gaban yarinyar da ya goya, amma ya yi. "Caroline, tashi. Na yi miki laifi. Ki yi haƙuri." Ya kwance igiyar da kansa, ya ɗauki akwatin a kafaɗa ya kai ɗakinta. Da ya fito bai tsaya ba, ya ɗauki keke ya ce zai koma aiki kafin a tashi.

Aka bar su biyu a tsakar gida, zakara yana ta fama da igiyar ƙafarsa. Afiniki ta kwance Kaleb daga baya, ya sauka ya nufi Caroline kai tsaye yana tangaɗi, ya kama siket ɗinta. Ta ɗauke shi ta share masa hanci kamar kullum.

"Caroline," in ji Afiniki. "Ki yafe mini."

"Zan yafe, Anti. An ce mu yafe." Ta gyara yaron a kafaɗa. "Amma da na ce ki roƙe mini shi, kin sani. Da na kama hannunki na ce na gode, kin sani."

"Na sani."

Caroline ta gyaɗa kai, ta shiga ɗakinta da yaron, ta saki labule. Afiniki ta ji ana buɗe akwati, ana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, Kaleb yana ta surutunsa. Ta je bakin labulen ta tsaya, ta ce ko ta zo ta taya ta jera kayan.

"Bari, Anti," in ji Caroline daga ciki. "Zan iya."